NASARA TA GASKIYA: DARASI DAGA MAJAMI'AR WALIYIYA RITA, MALALI



Da wuya a sami kalmar da ta fi yawa a bakinmu sa'ad da muke addu'a kamar kalmar nan nasara. Uwa tana roƙa wa ɗanta nasara a jarrabawar WAEC da ta JAMB. Ma'aikaci yana roƙonta a kan ƙarin girman da ya daɗe yana jira, ɗan kasuwa kuma kafin ya buɗe shagonsa da safe, haka ma matar da ta shekara goma a ɗakin miji ba ta sami haihuwa ba. Duk firist da yake karɓar takardun neman Misa ya san sau nawa yake cin karo da wannan kalma a mako guda. Roƙon nan ba laifi ba ne, gama Ubangijinmu da kansa ya koya mana mu roƙi abincin yini daga wurin Uba. Amma ya kamata mu tambayi kanmu abin da muke nufi da nasara, da kuma mudun da muke auna ta da shi, domin wanda mudunsa ya lotse, ko hatsinsa na kirki ne, awonsa ba zai fita daidai ba.

Kalmar ta shigo Hausa daga Larabci, kuma tushenta a can yana nufin taimako. Watau mai nasara shi ne wanda aka taimaka masa har ya rinjaya. Wannan ya bambanta ta da sa'a, wadda take faɗo wa mutum yana zaune, ya kuma bambanta ta da arziki, wanda ake iya ƙirgawa a banki ko a garke. Akwai kuma 'yar'uwarta a rubuce, Nasara, sunan da aka daɗe ana kiran Kirista da Turawa da shi a ƙasar Hausa, wanda masana da yawa suke danganta shi da Nazarat, garin da Yesu ya girma. Wasan harshe ne kawai, amma yana da amfani mu riƙa tunawa cewa sunan da maƙwabtanmu suka ba mu sunan mutumin da aka gicciye ne.

Mun zaɓi mu yi wannan nazari a kan abin da ya faru a gidanmu, a Majami'ar Waliyiya Rita da ke Unguwan Yero, Malali, domin a can ne tambayar ta zo mana da nauyinta duka.

RANAR 28 GA OKTOBA, 2012

Manya a cikinmu sun san yadda garin Kaduna ya rabu. Bayan rikicin watan Fabrairu da na Mayu a shekarar 2000, da kuma na Nuwamba 2002, Kirista da yawa sun kwashe kayansu sun tsallake kogi zuwa Sabon Tasha, Narayi, Television da Kakuri, Musulmi da yawa kuma suka yo arewa. Amma akwai iyalan da suka zauna a Malali da Badarawa da Unguwan Rimi, waɗansu saboda aiki, waɗansu saboda gidan da suka gina da guminsu, waɗansu kuwa domin sun ƙi yarda cewa kogi zai zama iyaka tsakanin 'ya'yan gari ɗaya. Su ne jama'ar Waliyiya Rita.

Shekarar 2012 ta zo da tsoro. Ranar Kirsimeti ta 2011 an tayar da bam a Majami'ar Waliyiya Teresa da ke Madalla. Ranar Ista, 8 ga Afrilu 2012, mota ta fashe a tsakiyar Kaduna ta hallaka mutane da dama, da yawansu 'yan acaɓa masu neman abin kai wa gida. Ranar 17 ga Yuni aka kai hari a babbar Majami'ar Kristi Sarki da ke Sabon Garin Zariya, da ta ECWA a Wusasa, da wata a Trikaniya, abin da ya jawo ramuwar gayya da dokar hana fita dare da rana. Saboda haka duk wanda ya ɗauki littafin addu'arsa ya nufi Misa a wannan shekara ya san cewa mai yiwuwa ne ba zai komo ba.

Ranar Lahadi 28 ga Oktoba, kwana biyu bayan Babbar Sallah, ɗan ƙunar baƙin wake ya zo da mota ƙirar jif ana tsakiyar Misar safe. Masu gadin ƙofa suka hana shi shiga. Sai ya ja da baya, ya ruga da motar ta cikin katanga, bam ya tashi a jikin ginin. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce aƙalla mutum 8 suka rasu, fiye da 100 kuma suka ji rauni, cikinsu har da firist ɗin da yake jagorantar Misar. Aka rarraba masu rauni zuwa asibitocin gari, irin su Barau Dikko da Asibitin 44 na sojoji da St. Gerard na Kakuri.

Karatun da Ikkilisiya ta tsara wa wannan rana, Lahadi ta 30 cikin shekara, ba wanda ya zaɓe shi saboda Malali, gama shi aka karanta a yawancin majami'un Katolika a duniya, har da Roma, inda Paparoma Benedict na XVI yake rufe taron bishof-bishof a kan sabon shelar Bishara. Duk da haka ku duba abin da ke ciki. A Irmiya 31:7-9 Allah yana alkawarin tattaro ragowar jama'arsa, da makafi da guragu da masu ciki, ya bi da su ta bakin rafi a kan hanyar da ba za su yi tuntuɓe ba. Zabura ta 126 tana magana a kan masu shuka da hawaye waɗanda za su yi girbi da murna. Bishara kuwa, Markus 10:46-52, labarin makaho Bartimawas ne a bakin hanyar Yariko. Alkawarin jagora da na tsaro ke nan daga farko har ƙarshe, a ranar da rufin ɗakin Allah ya zubo a kan masu sujada.

INA TSARON ALLAH YAKE?

Kada mu yi gaggawar rufe bakin wanda ya yi wannan tambaya. Wanda ya yi barci ya makara a ranar ya tsira, wanda ya yi sammako ya zauna kusa da bango ya mutu. In muka ce wa gwauruwa ko maraya cewa bai kamata su tambaya ba, mun fi Littafi Mai Tsarki tsanani, gama Ayuba ya tambaya, masu Zabura sun tambaya, Ubangijinmu ma a kan gicciye ya ɗaga murya da kalmomin Zabura ta 22.

Amsa ta fari da take zuwa bakin mutane ita ce mafi muni, watau cewa waɗanda suka tsira sun fi bangaskiya, ko waɗanda suka mutu suna da wani ɓoyayyen zunubi. Yesu ya riga ya rushe wannan tunani a Luka 13:1-5. An kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, ya ce ko kaɗan ba su fi sauran mutane laifi ba. Ku lura, Galilawan nan ma a wurin sujada aka kashe su. Saboda haka idan za mu ba da shaida a gaban jama'a cewa Allah ya kuɓutar da mu, mu yi da tawali'u, muna tunawa cewa a kujerar baya akwai wadda nata bai kuɓuta ba, kuma ba ta fi mu nisa da Allah ba.

Mu buɗe Ayyukan Manzanni sura ta 12. Sarki Hirudus Agaribas ya kama manzanni biyu. Yakubu ɗan Zabadi aka sare shi da takobi, wajen shekara ta 44, kuma marubucin ya gama labarinsa cikin aya ɗaya. Bitrus kuwa aka aiko masa da mala'ika, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Ikkilisiya ɗaya ce, sarki ɗaya ne, gari ɗaya ne. Shin Allah ya tsare Bitrus ya manta da Yakubu? Shekaru kimanin 20 bayan haka aka kashe Bitrus ɗin a Roma a zamanin Nero, ba mala'ikan da ya buɗe ƙofa. Ashe ƙofar da ta buɗe a Urushalima ta buɗe ne domin aikinsa bai ƙare ba tukuna.

Mun ga irin wannan da idonmu a wannan dayosis. Daren 8 ga Janairu 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da firistoci ta Makiyayi Mai Kyau, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, suka tafi da ɗalibai huɗu. Dukan ƙasa ta yi musu addu'a, su huɗun. Uku suka dawo. Na huɗun, Michael Nnadi na Dayosis ɗin Sakkwato, mai shekara 18, gawarsa aka samu, aka binne shi a makarantar ranar 11 ga Fabrairu. Daga baya ɗaya daga cikin waɗanda aka kama ya gaya wa 'yan jarida cewa yaron bai daina yi musu wa'azi ba, yana ce musu su bar mugunta. In mudunmu tsawon rai ne da naɗi da farar riga, Michael ya faɗi, gama ko shekara ɗaya bai cika a makarantar ba. Amma abin da ya shiga makarantar domin ya koya, watau shelar Kristi ga masu zunubi, ya yi shi a cikin daji a gaban bindiga, kuma waɗansunmu da muka shekara 20 da naɗi ba mu taɓa yin wa'azin da ya kai nasa tsada ba.

A nan ne samarin nan uku na Daniyel sura ta 3 suke koya mana iyakar magana. Sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon fitar da su daga tanderu, amma ko da bai fitar da su ba, ba za su rusuna wa gunki ba. Bangaskiyar da ta tsaya a kan rabi na fari kaɗai ciniki ce, kuma duk ranar da aka ƙi sayen hajarta za ta naɗe tabarma. Mu tuna kuma cewa Zabura ta 91, wadda muke manna wa a ƙofofinmu da gilashin motocinmu, ita ce Shaiɗan ya jawo wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali (Matiyu 4:5-7), yana so ya mai da alkawarin tsaro ya zama abin gwada Allah. Yesu ya ƙi. Shi ɗin da ya ƙi tsalle kuma bai sauko daga gicciye ba sa'ad da aka ce ya sauko, Uba kuwa ya amsa masa a rana ta uku.

Katikizim na Ikkilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na II ya fitar a 1992, ya yi wannan bayani daga sakin layi na 309 zuwa 314. Ya ce babu gajeriyar amsa ga tambayar mugunta. Allah ba shi ne mafarin zunubi ba ta kowace fuska. Yana barinsa ne domin ya halicci mutum da 'yanci, kuma ya san yadda zai fitar da alheri daga cikinsa, amma wannan ba ya mai da mugunta ta zama abin kirki. Wanda ya ɗaura bam a mota ya aikata mugun abu, kuma ba nufin Allah ya cika ba. Mu yi hattara da maganar nan da muke yi a gidan makoki cewa haka Allah ya so. Abin da Allah ya yi alkawarinsa shi ne babu takobi ko wuta ko mutuwa da za ta iya ƙwace mu daga ƙaunarsa (Romawa 8:35-39), kuma wannan tsaro bai karye a Unguwan Yero ba.

WALIYIYAR DA MAJAMI'AR TAKE ƊAUKE DA SUNANTA

Akwai abin da ya faru a ranar bayan fashewar, wanda bai kamata mu ɓoye ba. Waɗansu samari sun fita kan titi da sanduna da adduna, kuma rahotanni sun nuna an kashe aƙalla mutum biyu, mutanen da ba su da hannu a harin, hanya ce kawai ta biyo da su. Wannan jini ne na marasa laifi, daidai da wanda ya zuba a cikin majami'a. Babban Bishop Matthew Man-Oso Ndagoso ya roƙi jama'a kada su rama, kuma ba daga kan kujerar jin daɗi ya yi maganar ba. Yana Bishop na Maiduguri aka ƙone gidansa a rikicin 18 ga Fabrairu 2006, ranar da aka kashe Fada Michael Gajere, wanda shi ma yake kula da wata majami'ar Waliyiya Rita a Bulunkutu.

Hausawa suna cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Ba kowane karin magana ne Kirista zai ɗauka ya haɗiye ba, wannan kuwa yana cikin waɗanda rayuwar Waliyiya Rita ta ƙaryata.

An haife ta a 1381 a wani ƙauye kusa da garin Kashiya, a tsakiyar Italiya, a zamanin da gidaje suke gadon gaba kamar yadda ake gadon gona. Ta so ta shiga gidan sistoci, iyayenta suka aurar da ita ga Paolo Mancini, mutum mai zafin rai. Ta zauna da shi kimanin shekara 18, ta haifa masa 'ya'ya maza biyu. Aka kashe shi a cikin irin wannan gaba. Rita ta yafe wa masu kisan a fili, amma dangin mijin suna zuga 'ya'yan su ɗauki fansa. Bisa ga labarin da aka gada, ta roƙi Allah kada ya bar 'ya'yanta su zama masu kisankai, ko da zai ɗauke su ne, kuma su biyun suka mutu da ciwo kafin su ɗaga wuƙa. Addu'a ce mai ban tsoro, ba kuwa muna cewa kowace uwa ta je ta yi irinta ba. Abin dubawa shi ne mudun da ta yi awo da shi: a wurinta ɗan da ya mutu da hannu mai tsabta bai ɓace ba, ɗan da ya rayu da jinin wani a wuyansa shi ne abin kuka. Da ta nemi shiga gidan sistocin Agustin a Kashiya aka ƙi karɓarta, saboda tsoron kada gabar ta biyo ta ciki. Sai da ta bi gidajen biyu ta sulhunta su tukuna aka buɗe mata ƙofa. Ta yi kimanin shekara 40 a can, 15 na ƙarshe da rauni a goshi wanda bai warke ba, ta rasu ranar 22 ga Mayu 1457. Paparoma Leo na XIII ya sa ta cikin jerin waliyyai a 1900. Paparoma na yanzu, Leo na XIV, wanda aka zaɓa ranar 8 ga Mayu 2025, ɗan wannan ƙungiya ta Agustin ne, ya kuma shugabance ta daga 2001 zuwa 2013.

Ku auna wannan mata da mudun duniya. Auren da ba ta so ba, miji a kabari, 'ya'ya a kabari, ba jika, ba dukiya, ga miki a fuska. Amma gabar da ta ci maza ta mutu a hannunta, kuma bayan shekaru fiye da 500 sunanta yana kan majami'a a Malali. Muna kiranta mai taimako a al'amuran da suka gagara, muna kai mata roƙon biza da aiki da haihuwa, ba laifi. Sai dai abin da ya gagara wanda ita ta yi shi ne hana ramuwa. Ikkilisiya ta yarda mutum ya kare ransa da na iyalinsa daga wanda ya kawo masa hari (Katikizim 2263-2265). Tare mai wucewa a kan titi saboda sunansa ko rigarsa kisankai ne. Wanda ya aiko da bam yana neman abu biyu, gawarwaki a cikin majami'a da wuta a cikin gari. Duk saurayin da ya ajiye sanda a ranar ya tafi asibiti ya ba da jini, ya hana shi na biyun.

ME KAKE SO IN YI MAKA?

Mu koma ga Bisharar ranar, gama a cikinta ne maganar jagora take. Mako ɗaya kafin nan, Lahadi ta 29, an karanta Markus 10:35-45, inda Yakubu da Yohanna suka zo wurin Yesu da buƙata. Ya tambaye su abin da suke so ya yi musu, suka roƙi kujerun dama da hagu a cikin ɗaukakarsa. Ya ce ba su san abin da suke roƙo ba, ya kawo maganar ƙoƙon da zai sha. Ayoyi kaɗan bayan haka ya yi wa Bartimawas wannan tambaya ɗin, makahon ya roƙi ganin gari. Da idonsa ya buɗe bai koma ya ɗauki mayafin da ya yar ba, sai ya bi Yesu a kan hanya, hanyar kuwa ta Urushalima ce, sura ta gaba ita ce shiga birnin da za a gicciye shi. Yakubun da ya roƙi kujera shi ne wanda muka gani a Ayyukan Manzanni 12. Ya sami nasararsa, amma ba a siffar da ya roƙa ba.

Dogara ga jagorar Allah ke nan: mu roƙi ido kafin mu roƙi kujera. Yusufu ɗan Yakubu misali ne. An sayar da shi yana da shekara 17, ya tsaya gaban Fir'auna yana da 30. Abin mamaki, wurin da Littafin Farawa ya fi nanata cewa Ubangiji yana tare da shi yana kuma ba shi nasara shi ne sura ta 39, inda yake bawa a gidan Fotifar, sa'an nan ɗan kurkuku. Da ya amince wa uwargijiyarsa, da ya riƙe muƙaminsa. Ya ƙi, ya rasa aiki da suna a rana ɗaya. Mu da muka san ƙarshen labarin muna karantawa da kwanciyar rai, amma shi shekara 13 ya yi bai ga ƙarshen ba.

Yaya wannan jagora take zuwa mana? Mafi yawan lokaci ba da mafarki ko murya daga sama ba. Tana zuwa ta Maganar Allah da muke ji kowace Lahadi, ta lamirin da aka horar, ta koyarwar Ikkilisiya, ta shawarar dattijo mai tsoron Allah, ta wurin furta zunubi. Kuma sau da yawa farkonta hani ne. Ɗalibin Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Malali ko na kowace makaranta da aka kawo masa amsar jarrabawa a waya ya riga ya san abin da Allah yake ce masa, haka ma akawun da aka miƙo wa takarda ya sa hannu a kan kayan da ba a kawo ba. Ba ya buƙatar wani annabi. Iyayen da suke biyan kuɗi a kai 'ya'yansu cibiyar da ake satar amsa, sa'an nan su kawo baikon godiya gaban bagadi, su tambayi kansu wa suke gode wa. Haka kuma uwar da ɗanta ba shi da aiki amma ya kawo mota gida, ta karɓa da guɗa ba ta tambayi inda kuɗin ya fito ba.

Tsoro shi ne yake kai mu wurin boka. Tun da garkuwa da mutane ta yi yawa a hanyoyinmu, kasuwar laya da guru da maganin bindiga ta buɗe, kuma akwai masu zuwa Misa da safe da rozari a wuya da laya a ƙugu. Katikizim ya hana duba da tsafi da ɗaura laya (2115-2117), ya ce halin Kirista shi ne ya miƙa gobe a hannun tanadin Allah. Ya kuma gargaɗe mu (2111) kada mu mai da abubuwa masu tsarki su zama layu. Ruwan albarka da lambar Budurwa Maryamu da muke ratayawa addu'a ce ta Ikkilisiya da muke ɗauke da ita a jiki, ba sulke ba ne. Masu wa'azin da suke sayar da mai da kyalle, suna alkawarin cewa wanda ya shuka iri mai tsoka ba zai ga talauci ko hatsari ba, sai su zo su faɗi wannan a gaban iyalan Unguwan Yero.

Dogara kuma ba lalaci ba ce. Nehemiya da mutanensa, sa'ad da ake barazanar kawo musu hari suna gina garun Urushalima, sun yi addu'a sun kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). Mutanen da suka tsaya a ƙofar Waliyiya Rita suka ce wa motar nan ba za ta shiga ba suna cikin hannuwan da Allah ya yi aiki da su a ranar, haka ma likitoci da nas-nas da maƙwabta, Kirista da Musulmi, da suka ɗauki masu rauni. Saboda haka kada wani ya yi gunaguni in an ce ya ajiye motarsa nesa ko ya buɗe jakarsa a ƙofa. Allah ya ce tashi in taimake ka.

Game da abin da duniya take kira nasara, garin nan ya ishe mu makaranta. Akwai lokacin da samun aiki a masaƙun Kakuri ya isa a ba mutum mata. KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, sauran suka bi bayanta, dubban magidanta suka koma gida hannu wofi. Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Ikkilisiyarmu, ya hau matakan aikin gwamnati ɗaya bayan ɗaya har ya zama Kirista na farko da ya mulki Jihar Kaduna a 2010. Shi ne gwamna ranar da aka kai hari Malali. Makonni bakwai bayan haka, ranar 15 ga Disamba 2012, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi a Jihar Bayelsa. Ba muna faɗin wannan domin mu rage masa daraja ba, gama ya yi wa jihar nan hidima a lokaci mai wuya. Amma shi da waɗanda suka mutu a kan bencin majami'a sun tsaya gaban Alƙali ɗaya, kuma tambayoyin da ke Matiyu 25:31-46 ba su ambaci muƙami ba: mayunwaci, baƙo, marar lafiya, ɗan kurkuku.

Majami'ar Waliyiya Rita tana nan a inda take, a arewacin kogi. An gyara bangon, ana yin baftisma, ana ɗaura aure, ana koya wa yara katikizim. A cikin masu zuwa akwai waɗanda har yau suke ɗauke da tabo a jiki, da waɗanda suke firgita in taya ta fashe a kan titi, amma suna zuwa.

Muna roƙon katikis da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su karanta Markus 10:35-52 da Ayyukan Manzanni 12:1-11 tare da jama'arsu a taron wannan wata, su bar kowa ya amsa tambayar da Yesu ya yi wa Bartimawas da bakinsa, ba tare da an yi masa gyara ba. Inda akwai wanda ya rasa nasa a Malali, ko a Zariya, ko a hannun masu garkuwa, a ba shi wuri ya yi magana in yana so, in ba ya so a ƙyale shi. A rubuta sunayen matattun a kai wa Fada, domin a ambace su a Misar 28 ga Oktoba da ta 2 ga Nuwamba, tare da mutanen nan da aka kashe a kan titi a wannan rana.